Daminar Philemon

A kan dutsen da ke bayan unguwarsu a Zuru suka fara haɗuwa, domin a nan ne kawai sabis yake kamawa sosai. Theresa ta hau don ta kira yayanta soja, sai ta tarar da wani saurayi da kwamfuta a cinya yana magana shi kaɗai. Dariya ta kufce mata. Ya ɗago suka haɗa ido, nan take ya manta abin da yake haddacewa.

Sunansa Philemon, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya ce mata yana shirin wata babbar jarrabawa ce ta haɗa kwamfutocin kamfani su riƙa aiki tare. Ba malami, ba aji, sai bidiyon da yake saukewa da wasu tsofaffin na'urori da ya sayo na hannu. Wannan jarrabawa ce kaɗai ƙofar da yake hangowa.

Ba a jima ba ta koma kiransa Injiniyana, shi kuma yana ce mata Sanyin Idona.

Da magana ta kai ga mahaifinta, Baba Dawuda, tsohon soja, sai ya dubi tafin hannun Philemon ya girgiza kai. Ya ce shi sai da ya yi shekaru yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa suruki, kafin a ba shi uwar Theresa.

"Kai damina ɗaya na ce, a gonata ta Danko. In ba ka iyawa, ga Prosper nan da motarsa, ya daɗe yana gaishe ni."

Jarrabawar kuwa a ƙarshen daminar take, kuma ya riga ya yi rajista. In ya bar gona ya rasa Theresa, in ya bar karatu ya dawwama a kasuwa. Philemon ya ɗauki fartanya.

Hannayensa suka yi kanta. Da ya buɗe kwamfuta da yamma sai barci ya kwashe shi. Saƙonninsa suka ragu, har suka ɗauke. Prosper ya samu fili, ya raɗa wa Theresa cewa ai ɗan bokon ya gudu. Ta tura masa saƙo: "Injiniyana, in ka gaji da ni ka faɗa mini da bakinka. Shirunka ya fi duka zafi."

Ba amsa, don babu sabis a gonar. Ta hau babur ta tafi Danko cike da fushi. Ta same shi a tsakiyar kunyoyin gona, ya rame, ya ɗaure waya a damtse tana karanto masa darasi yana noma. Fushin ya zama kuka.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ban so ki ji tausayina ki ce in bari, Sanyin Idona."

Daga ranar, duk Asabar tana zuwa da tuwo, ta zauna a inuwa tana jefa masa tambayoyin gwaji, ko da ba ta fahimtar ko ɗaya.

Ya je Abuja ya zauna jarrabawa. Maki kaɗan ya hana shi ci. Ya rubuto mata: "Na faɗi. Ba ni da fuskar shiga gidanku."

Theresa ta kai wa mahaifinta wayar. Tsohon ya karanta, sannan ya sa aka kira Philemon.

"Ɗana, ka faɗi, kuma ba ka ɓoye ba. Gonata ma ba ka tsallake kunya ɗaya ba. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a coci, dangi daga Mahuta da Dirin Daji suka cika harabar. Philemon ya riga ya sake yin rajista. Da Baba Dawuda ya ɗora hannu a kan ango da amarya, sai ya sa musu albarka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Theresa, ki bar mijinki ya yi karatunsa. Damina mai zuwa 'yan ƙwadago zan ɗauka."

Jama'a suka amsa da amin, amarya tana dariya tana share hawaye.