Sakin da Bai Fita Bakinsa Ba

Ƙawata, yau da hankalina ya kwanta zan iya ba ki labarin 'yata Auta da mijinta mai walda.

Kin san auren so suka yi. Ɗaki guda gare su a gidan iyayensa, su da jaririnsu, amma in kin ji dariyarsu sai ki ce bene suka gina. Sai aiki ya tsaya masa, wuta ba ta zama, injin walda ya fara tsatsa a shago.

Wata rana Auta na wanki a tsakar gida, wan mijin, wanda suke kira Yaya Babba, ya shigo da shawara. Ya ce gwamnati na ba matan da aka saka da yara tallafi duk wata. Abin da ake buƙata kawai shi ne miji ya faɗa a gaban ma'aikaciyar ofishin tallafin cewa ya saki matarsa, ya kai jakar kayansa shago don idon mutane. Shi ma haka ya yi da tasa matar, ga shi tukunyarsu ba ta sauka daga wuta. Inna, mahaifiyarsu, ta goya masa baya, ta ce ai maganar baki ce, iska ce.

Auta ta durƙusa ta ba Inna haƙuri. Ta ce ita dai ta san ba a wasa da saki, kuma tallafin haƙƙin waɗanda aka saka ne da gaske. Yaya Babba ya kwashe da dariya.

"To Malama, sai ki dafa mana wa'azin mu ci da rana."

Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarta, ta raba musu tukunya. Auta ta zo mini tana kuka. Na ce ta koma ɗakinta, ta ci gaba da gaishe da Inna ko ba a amsa ba, ta riƙe addu'a.

Shi kuwa mijin ya rasa inda zai sa kansa, ga uwa, ga yunwa. Ya lallashi Auta, ya ce sau ɗaya kawai zai faɗa, Allah ya san zuciyarsa.

Ta ce, "In ka faɗa, ni ma kunnena zai ji. Daga ranar ban san matsayin da zan shiga ɗakinka da shi ba."

Ranar da ma'aikaciyar ta zo, aka shimfiɗa mata tabarma, Inna da Yaya Babba suka sa mijin Auta a tsakiya. Ma'aikaciyar ta tambaye shi ko gaskiya ne ya rabu da matarsa. Auta na tsaye a bakin ƙofa da goyo, hawaye na zuba. Ya kalli Auta, sannan ya juya ya amsa wa ma'aikaciyar.

"Matata ce. Ban sake ta ba, kuma ba ni da niyya. Ki yi haƙuri da wahalar da aka ba ki."

Sun sha wuya bayan nan, ba zan ɓoye miki ba. Ya koma ɗaukar rodi a wajen gini, ita tana kitso. Sau da yawa shayi ba madara suke karyawa da shi.

Ana nan sai masu bincike daga ofishin tallafin suka zo ba sanarwa. Suka tarar da Yaya Babba daga shi sai singileti a ɗakin wadda ya ce ya saka, yana cin abinci, ita kuma ga ciki ya fito. Kotu ta ɗaure shi, ta ce a mayar da duk abin da aka karɓa. Matar ta tsira da gargaɗi saboda cikin. Abin da ya fi ciwo, da Inna ta je wajen malami, ya ce sakin ya auku tun ranar da aka furta shi. Dama akwai biyu a baya. Wannan ne na uku.

Shekaranjiya Inna ta shiga ɗakin Auta da kanta, ta karɓi jikanta, ta ce, "'Yar nan, da na ci galaba a kanki, da yau ba ni da ɗa a wajen gidan yari, ba ni da suruka a gida." Auta ta ce ba komai, ta zuba mata abinci. Mijin kuma ya samu aikin ƙofofin wata makaranta, injin ya tashi. Alhamdulillahi.

Abin da ba naka ba, ko na gwamnati ne, yana da mai shi, kuma wanda ya yi haƙuri da halal ba ya kunyata.

Don Allah ki bar maganar nan tsakaninmu. Matar Yaya Babba ta koma gidansu da tsohon ciki, ba na so ta ji daga bakinmu aka ji.