Bencin Bayan Aji

Wayyo Auta! Karo na huɗu ke nan tana dawowa da sakamako iri ɗaya: ta arba'in da biyu cikin arba'in da biyu. Ta durƙusa a tsakar gida tana kuka har da majina, babanta na ta safa da marwa yana share gumi, yayarsa Gwaggo kuwa ta miƙe ƙafa a tabarma tana zuga shi.

"Ƙanena, kan yarinyar nan dutse ne! Cire ta ka ba ni, ta riƙa yi mini wanke-wanke. Ɗana bai taɓa zuwa na ƙarshe ba."

"Zango ɗaya na ƙara mata," in ji Baba. "In ta sake... shi ke nan."

Umma ta share wa 'yarta hawaye da bakin zane. "Yarinyar da ta haddace lambar wayar kowa a gidan nan? Allah na gani, 'yata ba daƙiƙiya ba ce!"

Washegari ta yafa mayafi ta bi ta har cikin aji. Ashe dokar malamin ita ce a zauna bisa sakamako: na ɗaya a gaba, na ƙarshe a jikin bango. Umma ta cusa kanta a bencin Auta, gwiwa har haɓa, yara na ta ƙyalƙyala dariya, ita ko a jikinta.

"Auta, me aka rubuta a allo?"

"Au, har an yi rubutu? Ni hayaƙi kawai nake gani, Umma..."

"To me kike kwafa kullum?"

"Littafin na kusa da ni."

Umma ta waiwaya. Wa za ta gani? Ɗan Gwaggo, na arba'in da ɗaya, ya kifa kai yana sharar barci, miyau ya jiƙa rabin shafi!

"Innalillahi! Wannan ne malaminki?" Ta rungume 'yarta ta fashe da kuka, har malamin ya ajiye alli ya zo yana ba ta haƙuri.

Ranar ba su kwana ba sai da suka ga likitan ido. Da aka ɗora wa Auta tabarau, ta ƙura wa mahaifinta ido ta ce, "Baba, ashe kana da furfura?"

"Ai rabinta ke kika sa mini," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

Ƙarshen zango Auta ta zo ta tara. Allah mai iko! Ɗan Gwaggo kuwa ya gaji bencin bango shi kaɗai.

Sai ga Gwaggo da sassafe, kai a sunkuye, sallamar ma da ƙyar ta fita.

"Cewa na yi... ko za a ara wa ɗan nawa tabaran nan, ranar jarrabawa kawai?"

Umma ta shimfiɗa mata tabarma cikin ladabi.

"Ai da gudu, Yaya. Sai dai fa tabarau ba ya aiki in ido a rufe yake."