Minti Goma Sha Ɗaya

An tayar da injin fasa dutsen da ƙarfe tara na safiyar Litinin. Tara da minti goma sha ɗaya, ƙaton faifan ƙarfen da ke juyawa a jikinsa ya fice daga sandarsa, ya bi ta kan hannun tsohon bakaniken ɗakin gwaji, ya je ya fasa bango. Lokacin da Sufeto ya iso ginin Ƙungiyar Injiniyoyin Injina an riga an tafi da tsohon asibiti, an bar takalminsa ɗaya da doguwar sukudireba a cikin jini.

Injiniyoyi wajen ashirin ne tsaye a bayan ragar ƙarfe, kowa da hular kwano, kowa kuma ya san amsa. Babu abin da Sufeto ya tsana kamar mutanen da suka san amsa tun bai yi tambaya ba.

"Ba sai ka wahala ba, ofisa," in ji Ciyaman, wani gajere mai tumbi da ke magana yana duban agogo. "An cire fil ɗin da ke tare notin faifan, an sassauta notin, an mayar da murfi. Mun kuma san wadda ta yi."

"Wa?"

"'Yar Wata."

Laƙabin wata injiniya ne, ita kaɗai ce mace a kwamitin duba injina. Suna kiranta haka saboda tana rubuta labaran ƙirƙira na kimiyya, na masu haƙar ƙarfe a duniyar wata. Duk shekara mujallar ƙungiyar tana gasar irin waɗannan labarai, ga mambobi masu hatimi kawai. A labarin da ta shigar bana, wani mugu ya sassauta notin faifan inji don ya hallaka wani bakanike, abokin gabansa. Editan mujallar ne ya tuna da shafin, ya karanta wa jama'a shi a nan bakin ragar tun jini bai bushe ba. Kafin a kira 'yan sanda Ciyaman ya karɓe hatiminta, ya ce ranar Juma'a kwamiti zai goge sunanta. Injiniyan da ba shi da hatimi kuwa ko zanen ƙofar gareji ba zai sa wa hannu ba.

Sufeto ya same ta a ɗakin ajiyar kayan aiki, zaune a kan akwatin sifanu, hannun rigarta duk jini.

"Ke kika rubuta labarin?"

"Ni na rubuta."

"Ke kika cire fil ɗin?"

"Kai ma ka karanta shafi ɗaya ka zama alƙali?"

"Ki amsa abin da na tambaye ki."

"Ban cire ba. Kuma a labarina babu fil. Mugun ya juya noti sau biyu ne kawai. Je ka tambayi kowane ɗan koyo, in fil na ciki ko shekara injin zai yi yana gudu notin ba zai fita ba. Da gangan na bar shi haka, don kada wani sakarai ya kwaikwaya."

"An ce ba ku shiri da mai injin."

"Dogo? Sau biyu na ƙi sa wa injinsa hannu, ko gobe ma zan ƙi in ya kawo shirme. Amma mutumin da ke asibiti kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Ƙa'ida ta ce kowa ya tsaya bayan raga har minti ashirin na gwaji su cika. Kawu bai taɓa bi ba. A minti na goma yake buɗe ragar, ya ɗora sukudireba a jikin inji, ya kara ɗaya bakin a kunne, wai yana jin lafiyar boris ɗin da sandar ke juyawa a kai. Shekara talatin yana haka. Duk mai aiki a nan ƙasa ya sani." Ta dubi jinin da ke hannun rigarta. "Yanzu matarsa ta bugo waya ta ce kada in sake in taka asibitin."

Sufeto bai tausaya mata a fuska ba, don ba aikinsa ba ne. Ya tambayi su wa suka karanta labarin kafin yau. Ta ce alƙalan gasar uku: Ciyaman, Dogo da Edita, kowa da kofensa.

Dogo yana tsugune gaban injinsa kamar mai zaman makoki. Shekara huɗu ya yi yana haɗa shi.

"Ni zan fasa injina da hannuna? Ofisa, ka karya kumallo kuwa?"

"Ina kofenka na labarin?"

Ya zaro shi daga jaka ya cilla a kan benci. Jan biro ya cika shafin farko: *shirme*, *ina iskar da za ta sanyaya injin?*, *a koma aji*. Kowane gyara da kwanan wata a gefensa. Daga shafi na uku babu komai sai zoben kofin shayi.

"Ba ka ƙarasa ba."

"Ina da aikin yi."

"Nuna min zanen faifan."

Dogo ya jawo wata faffaɗar durowa ta ƙarfe, ya ɗauko zane, ya yi tsaki, ya mayar. "Ba wannan ba, tsoho ne." A tsakiyar takardar an buga jan tambari, AN SOKE.

"In an soke, me ya sa ba ku yar ba?"

Dogo ya dube shi kamar ya yi ashar a gaban surukai. "A yar? Ba a yaga takardar da aka yi lissafi a kanta. Ka buga mata tambari, ka sa kwanan wata, ka adana. Ranar da gada ta faɗi, ita za a nema. Tun shekarar farko a makaranta ake dasa mana wannan a ka."

Ciyaman yana bene na sama, a ofis mai sanyi. Kofensa yana cikin ambulan da ba a ko ɓare ba, amma a bayan ambulan ɗin ya riga ya ba da maki: sifili.

"Ba na karanta tatsuniya," ya ce. "Injiniya da rubutun aljanun sama! Abin kunya ne ga sana'a. Da ta ni ce da an rufe gasar tuntuni."

"Ina kake jiya Lahadi?"

"Taron ƙasa, tun Juma'a. Da safen nan na sauka daga jirgi. Ka san da wa kake magana?"

"Da mutumin da ya yanke hukunci a kan labarin da bai karanta ba. Mabuɗin ɗakin gwaji fa?"

Yana rataye a ƙusa a ofishin mujalla, ƙofa ta gaba.

Edita siriri ne, mai farar riga da ƙananan tabarau, biro uku a aljihu, biyu ja. Shekara shida a jere shi ke cin gasar. Ba ya ba labarinsa maki, amma shi ke ba na sauran, kuma ƙungiyar da ke auna ƙarfe da kaurin gashi ba ta taɓa ganin aibin wannan ba. Ya ba Sufeto kujera cikin ladabi, ya ce abin ya yi masa ciwo, yarinya mai basira.

"Kana sauka ɗakin gwaji?"

"Da wuya. Ni aikina lissafi ne da takarda. Yau ma hayaniya ce ta sauko da ni."

Sufeto ya rubuta jawabinsa ya miƙa masa ya sa hannu. Edita ya karanta, hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Ya gyara nauyin faifan daga kilo tamanin zuwa tamanin da huɗu, ya ƙara waƙafi biyu, ya sa kwanan wata a gefe, sannan ya sa hannu. Ran Sufeto ya ɓaci, amma ya danne.

"Kofenka na labarin."

Edita ya miƙo. Shafi goma sha takwas, fari tas, ko ɗigon ja babu.

Sufeto ya juya shafukan a hankali har ƙarshe. Ya miƙe ya nufi durowar ƙarfe da ke bayan teburin.

"Waɗannan tsofaffin takardu ne, ofisa."

"Su nake so."

Bai daɗe yana nema ba, don an jera komai bisa kwanan wata. Ya zare abin da ya zo nema, ya leƙa waje ya ce a kira masa Ciyaman da Dogo da 'Yar Wata.

Da suka taru ya ajiye kofe biyu a kan teburi, fari da mai tambarin AN SOKE.

"Wanda ya cire fil ɗin nan so yake a ce ita ce," ya ce, "don haka ya karanta labarin har shafi na goma sha ɗaya. Dogo ya tsaya a na uku. Ciyaman bai ɓare nasa ba, ba ya ma gari. Ita kuwa ta san kawunta na shiga a minti na goma, Dogo ma ya sani. Saura wanda ba ya sauka ƙasa. Editan nan ya gyara min jawabi a gabana, ni da nake tuhumarsa. A ce ya karanta shafi goma sha takwas na abokiyar gasarsa bai ɗiga ja ba? Sabon kofe ya buga. Tsohon kofen kuma hannunsa ya ƙi yaga shi."

Ya buɗe shafi na goma sha ɗaya ya tura wa Dogo. "Karanta, kai ka iya yarensu."

Dogo ya karanta jan rubutun da ƙarfi. "*Ba zai yi ba. Sai an cire fil, a mayar da murfi.* Ranar Laraba."

"Wannan gyara ne kawai," in ji Edita. "Aikina ke nan. Kowane injiniya zai ga kuskuren."

"Haka ne. Ci gaba, Dogo, akwai lissafi a ƙasa."

Dogo ya bi layukan da yatsa, yatsan ya tsaya. "Kilo tamanin da huɗu. Juyi ɗari tara a minti. Wannan ba injin duniyar wata ba ne." Ya ɗago, jijiyar wuyansa ta tashi. "Injina ne, ɗan banza!"

Sai da Sufeto ya sa kafaɗa ya tare shi. A ƙasan lissafin an ja layi biyu ƙarƙashin amsa: minti goma sha ɗaya. A gefe an ƙara da ƙananan haruffa: *kowa na bayan raga.*

Edita ya cire tabarau ya goge. "Ƙa'ida ta ce minti ashirin," ya ce a hankali. "A rubuce take. Ba wanda ya kamata ya ji ciwo. Bango kawai, da hatimi ɗaya. Tsohon ne ya karya ƙa'ida."

"Saboda gasa?" in ji 'Yar Wata. "Saboda kofin roba da shafi huɗu a mujalla?"

"Na karanta naki sau uku a zama ɗaya," ya ce, bai dube ta ba. "Shekara shida ina rubutu, ban taɓa yin shafi ɗaya kamarsa ba. Ke kuma ko lissafin ba ki damu ki yi daidai ba."

Sufeto ya sa masa ankwa, ya ɗan matse fiye da yadda ake buƙata. Ciyaman ya buɗe jakarsa, ya ajiye hatimin a gefen teburi, ya duba agogo. Bai ba da haƙuri ba, ba wanda ya yi zaton zai bayar.

Da yamma Sufeto ya je asibiti ɗaukar jawabin tsohon, ya tafi da ita. Matar kawun ta tare ƙofa, sai da ya yi mata bayani sau biyu kafin ta matsa, tana harara. Tsohon yana kwance, hannun damansa naɗe da bandeji, ya gajarta daga wuyan hannu. Ya saurari komai idonsa a rufe.

"An mayar miki da hatimin?"

"An mayar, Kawu."

"Madalla." Ya buɗe ido. "A naki labarin, me ya samu bakaniken?"

"Ba abin da ya same shi, Kawu. Ya tashi aiki ya koma gida."

Tsohon ya matsa a kan gadon da ƙyar, ya bar mata wuri.

"To zauna ki karanta min wannan."