Baƙar Masarar Baba

Tururi ya cika kicin, gumi na tsiyaya a fuskar Seonhwa, amma sai murmushi take. Amarya ce 'yar birnin Seoul, ko wata uku ba ta yi ba a wannan ƙauye na Hongcheon da ke Koriya ta Kudu. Mijinta Taegyu ya kai mahaifiyarsa asibiti duba gwiwa, shi ne ta ce yau kam sai ta burge suruka. Ta ji ana cewa masara in ta kwana bayan an karya, zaƙinta ya gudu. Don haka ta karye masarar gonar da ke bayan gidan tas, ta turara, ta ƙulla a leda, ta danna a firiza.

Surukar, Mama Okbun, na shigowa ta yi turus. Jajayen ƙyallaye ta gani a kan tebur.

"Ke! Ina kika kwance waɗannan?"

"Jikin baƙaƙen nan na layin ƙarshe, Mama. Na ɗauka alama ce sun nuna—"

"Kin dafa?"

"Duka. Suna firiza."

Tsohuwa ta zube ƙasa, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Iri ne! Irin mijina!"

Baƙar masara ce mai danƙo, wadda kakan Taegyu ya tsallako da ita daga Koriya ta Arewa a aljihu lokacin yaƙi. Duk shekara marigayi Baba kan ɗaura wa masu kyau jan ƙyalle, a bar su su bushe a kara; bayan rasuwarsa Mama ta ci gaba da yi. Dafaffen iri kuwa ba ya tsira.

"Mama, laifina ne, ni ban gaya mata ba," in ji Taegyu.

"Rufe min baki! Ka kwaso min 'yar kanti, ta dafe min ubanka! Ka mayar da ita gidansu, ko ni ko ita!"

A ɗaki Seonhwa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Taegyu ya jawo akwati. "Tashi mu koma Seoul, in ta huce ma dawo."

"Haba Yaya! Na raba ta da irin mijinta, kuma in raba ta da ɗanta? Ba inda za ni."

Ta zauna, amma fa ta ga tasku. Mama ta daina amsa gaisuwarta, ta ware kwanonta, firizar nan kuwa ko kallo. Abin tausayi, yarinya duk ta rame.

Da kaka ta zo, don baƙin ciki ba wanda ya iya shiga gonar, sai ita kaɗai ta ɗauki lauje tana sare kara. Can a gindin wani ta ga ɗan tsurut ɗin goyon baƙar masara da ya tsere mata, tsutsa ta cinye rabi. Ta rataye shi a bayan ɗaki, ko mijinta ba ta gaya wa ba, tsoron kada ya ƙi tsira a sake yi wa tsohuwa sabon miki.

Sanyi ya zo ya wuce, gidan shiru kamar an yi rasuwa. Da ƙanƙara ta narke ta shuka ƙwayoyin a tsohon baho. Ranar tunawa da Baba ta kinkimo bahon, ta ajiye gaban Mama, ta durƙusa.

Mama ta sunkuya. 'Yan tsiro ne masu jan gindi, irin da ta sani tun tana amarya. Ta shafa ganyen, hawaye na zuba. Ta dogara ta miƙe, ta buɗe firizar da ta ƙaurace wa, ta ciro leda guda ta turara da kanta. Ta ajiye wa Baba ɗaya a gaban hotonsa, ta karya ɗaya biyu.

"Ungo, 'yata. Ja'ira, ashe kin iya turara masara!"

To 'yan mata, kun dai ji. Kuskure kowa na yi, amma wadda ta yi fushi ta ja akwati ba ita ke gyarawa ba. Da Seonhwa ta bi mijinta Seoul, da ɗan goyon nan ya ruɓe a gona, ba mai ganinsa.