Sabon Geron Mama

"Wa ya ba ka dambun nan?"

Dikko ya ɗago daga kan kular da ke cinyarsa, leɓensa duk mai. Ya zo kai ni asibitin da nake aiki ne, ya faka motar kafil ɗinsa, wato ubangidansa, a ƙofar gidanmu a unguwar Fereej Abdel Aziz da ke Doha.

"Atine ce ta yi. Ɗanɗana ki ji, Ladi, geron gonarmu ne na bana!"

"Wace Atinen?"

Ya rufe kular a hankali. Ashe ita ce dai, 'yar garinsu Kafur da mahaifiyarsa ke kira surukarta tun kafin ya san ni. Satinta biyu a Doha, ta samu aiki a wani otal. Mama ce ta ƙulla mata sabon gero da busasshen zogale, ta ce ta riƙa dafa wa ɗanta.

"Shekara biyu muna tare, Dikko! Ni ko gaisuwa ba a taɓa aiko mini ba, don ni 'yar Kagoro ce..."

"Haba masoyiyata..."

"Akwai sauran abin da ban sani ba?"

Akwai. Ranar Juma'a ce godiyar kaka a cocinmu, kuma Mama ta ce shi da Atine za su kai geron gaban bagade tare, tana kallo ta waya.

"Da sunan gidanmu ne kawai, ba wani abu ba."

"Khalas, shi ke nan! Ubangiji ya ba da zaman lafiya."

Na fita daga motar na buga masa ƙofa, na tari tasi.

Ranar Alhamis da la'asar na je har Asian Town na samo yakuwa a shagon Indiyawa. Na zazzage ragowar achar da gwaggona ta aiko mini, na dafa gwate ina share hawaye da gefen zani. Na ce ko ba shi, ni ma ina da abin da zan gode wa Allah.

Da na shiga coci ranar Juma'a sai na hango ta. Atine fara ce, doguwa, ga wushirya. Atamfar jikinta iri ɗaya ce da rigar Dikko. Har anko Mama ta ɗinka musu! Ana ta waƙa ana tafi, ni kuwa wuyanta kawai nake kallo, ina jin kamar in kife mata tukunyata a kai. A cikin gidan Ubangiji fa.

Fasto ya fara kiran iyali-iyali. Masu doya suka wuce da rawa, masu shinkafa suka bi. Da aka kira gidan su Dikko, Atine ta miƙe ta ɗora tiren gero a ka tana murmushi.

Shi ma ya miƙe, wayarsa a hannu, fuskar Mama a ciki. Maimakon ya yi gaba, sai ya ratso kujeru har baya inda nake.

"Tashi, Ladi."

"Ka ƙyale ni..."

"Tashi na ce, don Allah."

Ya ɗaga wayar saitin fuskata.

"Mama, na gode wa Ubangiji da amfanin gonarki. Ni a ƙasar nan ban shuka komai ba, amma ga abin da ya ba ni. Da ita zan je gaba."

Mama ta daɗe tana kallona. Sai ta kashe wayar.

Ya ɗauki tukunyata, ya kama hannuna. Atine ta kai tirenta ita kaɗai, ta ajiye, ta fice ta ƙofar gefe tana toshe baki da gyale. Na so in ji daɗi, amma tausayinta ne ya kama ni. Ita ma alkawari aka yi mata.

Sati uku Mama ba ta ɗaga wayar Dikko ba. Ya rame, ya daina dariya.

Wata ranar Talata da hantsi, ina tsaka da aiki, baƙuwar lamba ta kira ni daga gida.

"Ke ce Ladin?"

"Ni ce, Mama. Ina kwana?"

"Ban ce ina sonki ba tukuna," ta ce. "Amma ki gaya wa iyayenki kawunsa zai zo Kagoro bayan Kirsimeti."

Na zauna a kan matakalar bene na fashe da kuka.