Tab Ɗin Gwaggo Sanatu

Ranar da Napari ya fara ganin Tiyumba, tsaye take a ƙofar shagonsa a kasuwar Aboabo ta Tamale, ko hular babur ba ta cire ba. Ta ɗaga tab ɗin gwanjon da ya sayar wa gwaggonta jiya, babbar wayar nan mai faɗi, kamar za ta buga masa a ka.

"Malam, faranti ka sayar mana ko waya? Ya ƙi kama waifai."

"Ki fara cire hular, in ga da wa nake faɗa."

Ta cire. Daga nan bai ƙara faɗin wata magana mai kan gado ba, ya rufe shago ya bi bayan babur ɗinta har unguwarsu, Kalpohin.

Gwaggo Sanatu ce ta riƙe Tiyumba tun daga yaye, kamar yadda mutanen yankin suke ba wa 'yar'uwar uba riƙon 'ya. Ɗan Gwaggo guda, Wumbei, yana Italiya, shi ya sa aka kafa akwatin waifai a falo don ta riƙa ganin fuskarsa. Tun jiya take zarya tsakanin akwatin da ƙofa, ko tuwo ta kasa ci.

Matsalar ba ta kai ta kawo ba. Agogon tab ɗin ne ya tsaya a wata tsohuwar shekara saboda daɗewa a kwali. Napari ya gyara kwanan wata, ya kwafi lambar sirri daga gindin akwatin, Tiyumba na leƙe ta kafaɗarsa. Sai ga Wumbei a gilashi yana dariya.

"Ka rame," Gwaggo ta ce, ta fashe da kuka.

Ba a rufa mako ba saƙon Tiyumba ya shigo wayar Napari.

"Injiniya, farantinka ya sake ƙi."

Ya je. Kallo ɗaya ya gane wani ne ya shiga ya goge layin waifai na gidan daga tab ɗin da gangan. Ya ɗago ido, Tiyumba ta duƙufa kan keken ɗinkinta kamar ba ta san da shi ba. Gyaran da bai kai a tafasa shayi ba, ya ja shi har la'asar, ya ci wasawasa ya sha ruwan randa. Da ya koma ya rubuta mata:

"Mai ɓarnata, idan zai sake lalacewa, ya bari sai Laraba. Talata ina da kaya."

"Ni ban san me kake nufi ba. Larabar da safe ko da yamma?"

Haka tab ɗin nan ya yi ta ciwo. Duk sanda Gwaggo ta miƙa wa Tiyumba, sai ta ce, "Ni ban iya ba, Gwaggo, sai mai shi." Son da Napari yake mata ya hana shi zama wuri ɗaya, mai saye na magana hankalinsa na kan waya. Ga kuma Malam Neindow, malamin makaranta, da ya daɗe yana kawo wa Gwaggo gaisuwa da zabi. Tsoron kada a riga shi ya sa Napari ya matsa wa kawunsa, aka kai goro Kumbungu wajen mahaifin Tiyumba. A zatonsa wanda yake shiga gida kullum ai an san da zamansa.

Gwaggo ba ta ji daga bakin kowa ba sai daga bakin Wumbei, a cikin tab ɗin.

"Mma, ashe Tiyumba ta yi miji? Na taya ki murna."

Da yamma Napari ya iso da fara'arsa, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ni na goya ta, ni na yi jinyar ƙyandarta. Ka zauna a tabarmata ka ci abincina, ka tsallake ni ka kai goro Kumbungu. Labarin 'yata sai da ya je Italiya kafin ya shigo ɗakina. Uban nata ma ba zai amsa ba sai na ce to, kuma ban ce ba. Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Kwanakin da suka biyo baya babu mai sukuni. Tiyumba ta ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. Napari yakan zo bakin layinsu, ya juya babur ya koma. Wani dare ya rubuta mata:

"Tiyu, in turo dattawa?"

"Ta ce ko limami ka turo ba za ta fito ba. Malam Neindow ya kawo zabi yau ma. Ina tsoro, Injiniya."

"Ni ma. Amma ban fasa ba, ko shekara za a yi."

Ita kuwa Gwaggo tana kallon yarinyar tana zubewa, tuwo na kwana a kwano. Amma ta riga ta yi rantsuwa a gaban maƙwabta cewa Napari ba zai ƙara shiga gidanta ba, kuma mace irinta ba ta aika a kira wanda ta kora.

Wata Juma'a da safe, ranar da Wumbei yake kira, ta fito da tab a hannu.

"Abin nan ya sake ƙi."

Tiyumba ta yi mamaki, don rabonta da taɓa shi tun ranar korar. Ta miƙa hannu da sauri. "Kawo in saka miki lambar."

"Au, ashe kin iya? Da can ba kin ce sai mai shi ba?" Gwaggo ta janye hannunta. "Kira wanda ya sayar min da kayan banza ya zo ya gyara abinsa."

Napari ya iso da ƙullin goro a aljihu, gumi har cikin ido. Bai kalli tab ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gabanta yana gaisuwa, tana amsa "naa" a daƙile.

"Gwaggo, na yi wauta. Gaggawa ce ta rufe min ido. Ke ce uwar Tiyumba, wajenki na zo neman ta."

"Gyara aka kira ka."

Ya karɓa ya duba. An goge layin gidan, sak yadda aka saba. Ya saci kallon Tiyumba, ta girgiza kai, idonta ya cika da hawaye.

"Daina kallon ta," Gwaggo ta ce. "Karatu ne ban yi ba, ido kuwa ina da shi. Wata nawa ina ganin inda take dannawa?" Ta miƙa tafin hannu. "Ina goron? Ko shi ma ka aika Kumbungu?"

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. An jingina tab ɗin a jikin tukunya a tsakar gida, Wumbei na ciki da babbar rigarsa ta saƙi, yana rawa shi kaɗai a ɗakinsa na Italiya. Da za a tafi da amarya, Gwaggo ta kama hannuwansu biyu ta haɗa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare." Ta share ido da bakin gyale, ta dubi ango. "Kai kuma, ranar da ka ga ka daɗe ba ka kawo min ita ba, ka san farantin nan zai lalace."