Cuku a Kaskon Baba

"Baiwar Allah, ɗauke hannunki daga kan kaskona!"

Tsawar Baba ta sa na kusa sakin tiren shayin da ke hannuna. Na juyo da sauri. Makbule, mahaifiyar Nihat, matar da ta kwana a mota daga Samsun don ta nema wa ɗanta aurena, ta ciro wani ƙaton curin cuku daga jakarta, tana gurza shi a kan menemen, wato soyayyen ƙwai da tumatir da tattasai, wanda Baba ya ajiye musu yanzu-yanzu.

A shagonmu! A tsakiyar garin Menemen! A gaban direbobin da suke karya kumallo a wurinmu tun ina rarrafe!

"Gyara maka nake yi, suruki," in ji ta, ko a jikinta. "Tun daga gida na riƙo shi tsaraba. Wannan ai miyar tumatir ce, ƙwai ya faɗa ciki bisa tsautsayi."

"Mama, don Allah..." Nihat ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana satar kallona.

"Miya?" Baba ya daki ƙirji. "Ni Rasim za a ce na dafa miya? Ba ki ga allon bakin gari ba da za ku shigo? Sunan abincin nan ne a rubuce!"

"Allo ba ya girki. Mu a Cakalli ta yankin Samsun ƙwanduwa kawai muke sawa, da man shanu da cuku, a tuƙa ya haɗe jikinsa."

"Farin ƙwan fa?"

"Ai akwai kyanwa."

"Kun ji ko, jama'a? Su zubar da rabin ƙwai, su dama sauran kamar kunun jarirai, sannan su saci sunan garinmu su liƙa masa!"

Direbobi suka kwashe da dariya. Da a nan abin ya tsaya, wallahi da sauƙi. Mutanen garinmu sukan yi baram-baram a kan a sa albasa ko kar a sa, washegari ka gan su suna shan shayi tare.

Amma sai Baba ya kai hannu zai ɗauke kaskon, hannun kuwa ya ci amanarsa. Kaskon ya karkace, jan romo ya malale a kan teburi har bakin zanen Makbule. Ta bi hannun da kallo, ta taɓe baki.

"Au, ashe ma rawa yake yi? To wa ke fasa maka ƙwan? Yanzu na gane abin da ya sa kake ta ja mana rai. Ba 'ya kake riƙewa ba, 'yar aiki kake riƙewa!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin takaicin, ba ƙarya ta yi a kan hannun ba. Tun sanyin bara ya fara wannan rawar. Ni ke yanka koren tattasai, ni ke fasa ƙwai a bayan labule, shi kuma ya barbaɗa barkono ya fito da kaskon yana taƙama. Ko direbobin sun gane, babu wanda ya taɓa furtawa. Ita kuwa daga saukarta ta tsiraita shi.

"Ku fita," in ji Baba, muryarsa can ƙasa. "Kar wanda ya zo min gida da furanni da yamma. Babu shan kofin neman aure, babu 'ya."

Ya juyo kaina, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ke kuma Perihan, in kika bi su, ban yafe ba. Duk lomar da na ciyar da ke ban yafe ba!"

Nan ne zuciyata ta tsinke. A wurinmu 'ya ba ta barin gidan ubanta sai ta sumbaci hannunsa ta ɗora a goshi, ya ce ya yafe mata haƙƙinsa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, wannan kalmar daga bakinsa kaɗai zan same ta.

Na cim ma Nihat a bakin tashar jirgin ƙasa, bayan ya zaunar da mahaifiyarsa a ciki.

"Ka ji daɗi?" na ce. "Kana zaune kamar an dasa ka, ana yanka ubana!"

"Ni ma uwata aka kora kamar ɓarauniya, Perihan."

"Da hannunta ta saya! Wa ya aike ta? Ana zuwa neman aure da magurji a jaka?"

"A garinmu karamci ne. In ka kawo cuku mai kyau, sai ka sa wa kowa ya ɗanɗana..."

"Zagin ma karamci ne?"

Can ya ce, "Amma ai ba ƙarya ta faɗa ba."

Da ba a bainar jama'a muke ba, da na mare shi. Wannan mutumin da yake ratse hanya da tirelarsa don kawai ya ga fuskata ta gefen labule, yau shi ke faɗa min haka!

"To ka dawo nan da zama, tunda ka san halin da Baba yake ciki."

"In bar ta ita kaɗai a can? Ni kaɗai gare ta, kin sani."

"Shi kuma yana da goma irina ko?"

Ya share fuska da tafin hannu, na ga hawaye a idonsa.

"Hasken idona, ina son ki, wallahi ina son ki. Ki faɗi rana, zan zo ko da zai jefe ni da kasko."

Na juya na tafi ina kuka, ina jin haushinsa, ina kuma son sa kamar raina. Duka biyun gaskiya ne.

Washegari na ɗaura ƙyallen aiki zan shiga bayan labule, Baba ya tare hanya.

"Ina za ki?"

"Aiki."

"Ba na buƙatar 'yar aiki. Fitar min daga wurin murhu!"

"Baba, don girman Allah..."

"Na ce fita!"

Haka muka shiga zaman doya da manja. Ni shayi kawai nake rarrabawa, shi yana ciki yana kokawa da ƙwai. Ina jin ƙarar cokali yana karkarwa a jikin kaskon tagulla. Ina ganin direbobi suna zare ɓawon ƙwai daga baki a ɓoye, su ce "Hannunka ya yi albarka, Usta," kamar yadda ake gaida gwanin sana'a. Daga baya wasunsu suka fara wucewa ba tare da sun taka burki ba.

Makbule ta aiko da ban haƙuri ta bakin Gwaggo Zekiye, ƙanwar Baba. Ya ce ta riƙe abinta, ta gurza a kan abincinta.

"Wannan taurin kan namu ne na gado," in ji Gwaggo. "Ba zai taɓa cewa ki tafi ba, ba zai kuma ce ki zauna ba. Ki sa rana, 'yata. In kika jira shi, furfura za ta same ki da tire a hannu."

Na sa ranar. Na faɗa masa, ya yi kamar da bango nake magana.

Safiyar ɗaurin auren, motoci suna jira a ƙofar gidan Gwaggo, za mu wuce ofishin magajin gari inda ake ɗaura aure. Na ce su dakata. Na tattare farar rigata na taka har shago, mutane suna bi na da kallo.

Babu kowa a ciki sai shi. Na ja kujera na zauna kamar baƙuwa.

"Menemen ɗaya. Ba albasa."

"An rufe," ya ce daga bayan labule.

"Ƙofa a buɗe take."

"Je ki surukarki ta dama miki."

"Naka nake so. Wallahi ba zan tashi ba sai na ci, ko da za a ɗaura auren da kujerar da ba kowa a kai!"

Ya leƙo. Ya kalli rigar, ya kawar da kai da sauri, ya ja tsaki ya koma. Na ji ya kunna wuta. Na ji man zaitun ya ɗauki zafi, tattasai ya faɗa, tumatir ya bi baya. Na ji ƙwai ɗaya ya suɓuce ya fashe a ƙasa, ya tsine masa. Na danne kaina a kujerar don kar in tashi in taimaka.

Ya kawo kaskon da hannu biyu, ya dire shi da ƙarfi. Gefe ya kama, ƙwan ya bushe, ga ɓawo nan fari-fari a ciki. Na gutsuri burodi na dangwala. Na ci, ɓawon yana ƙaras-ƙaras a haƙorana, hawaye yana ɗiga a cikin kaskon. Na suɗe shi tas.

"Ya yi daɗi, Baba."

"Maƙaryaciya. Ya ƙone."

"Ya ƙone. Ya kuma yi daɗi."

Ya tsaya a kaina yana huci. Sai ya juya ya kashe gas, ya kwance ƙyallen ƙugunsa ya ninke ya ajiye a kan teburi.

"Shi ne na ƙarshe. Gobe ba zan buɗe ba. Tun bara ya kamata in rufe, na ɓuya a bayanki kamar matsoraci."

"Baba..."

"Ba don ƙwai na riƙe ki ba, 'yar banza. Samsun da nisa."

Na miƙe na nemi hannunsa, ya ɓoye shi a baya. Na zagaya na kamo shi da ƙarfi. Yana rawa a cikin nawa, na sumbace shi na ɗora a goshina, na ƙi saki.

"Ka yafe min haƙƙinka, Baba... don Allah ka yafe min!"

A waje aka danna hon. Har na fara fid da rai. Sai na ji ɗaya hannun nasa a kan mayafina.

"Na yafe, 'yar lelena," ya ce, muryarsa ta karye. "Duniya da lahira na yafe. Sake ni in ɗauko kwat ɗina, kar mutanen nan su ce ba ki da uba."